Yadda Ake Samun Maraƙi da Mataccen Irin Bijimin Turai

Kai sabon malamin dabbobi da aka turo Gumel, matso kusa. An damƙa maka tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi, cikinsa daskararren irin bijimin Turai, wato maniyyinsa, an ce ka riƙa ɗura wa shanun jama'a. Bi matakan nan, na yi maka alkawari saniya za ta haihu, ko irin yana da rai ko ya daɗe da sheƙawa barzahu.

1. San laifinka, ka haɗiye shi

An ja maka kunne kada ka riƙa buɗe tulun. Kai kuwa duk ranar kasuwa sai ka buɗe wa mutane su ga hayaƙi, har furarka kake ɗorawa a bakinsa ta yi sanyi. To, sanyin ya gudu. Wa ya gani?

2. Tarbi Sajo da fara'a

Ga Sajo nan ya tako tun daga Ɗanzomo, yana janye da saniya ɗaya tilo da farin bara ya bar masa. Yau take neman barbara, gobe ta wuce. Zai ce, "Malam, ita ke nan gare ni. In ba ta haihu ba, garken babana ya ƙare a hannuna." Tausayi zai kama ka. Gyara wuyan riga, ka ce ya sha kuruminsa.

3. Narka, ka duba

Zaro tsinken iri guda, tsoma a ruwan ɗumi, ɗiga a gilashi, ka leƙa madubin likita. Iri mai rai iyo yake kamar talibambam. Naka kuwa ga su nan kwance reras, ko wutsiya ba mai kaɗawa. Kada ka yi salati da ƙarfi. Zunguri tebur da gwiwa, ko banza sa gusa.

4. Ruwan kududdufi

Sajo zai ce sai ya gani da idonsa, don ba a cinikin biri a sama. Tura shi ya ɗaure saniya, ka ƙara ɗigon ruwan kududdufin bayan ofis a kan gilashin, sannan ka kira shi ya leƙa. Abin da ke iyo a ciki ya fi mutanen kasuwar Maigatari yawa.

"La'ilaha illallahu! Malam, har da masu ƙafa!"

"Ai Turai ke nan, Sajo."

5. Aikin gaskiya

Ɗura mata irin a gabansa, kana ɗaure fuska. Sannan ka ce irin Turai kunya gare shi, ba ya kamawa sai mai saniya ya ba da baya. Yana tafiya cin tuwo, zagaya gidan Barau mahauci, ka aro jan bijimin da yake kiwatawa, ya hau saniyar. Masana sun ce ilmi kogi ne, amma ba su ce a raina bijimin maƙwabci ba.

6. Amsa tambaya ba tare da ƙifta ido ba

Ranar da Sajo ya zo da maraƙi ja jawur da ƙwaryar nono, yana murna har da ƙwalla, zai ce, "Malam, na ji an ce shanun Turai ba su da tozo."

Ka ce iskar Gumel ce ke fito da shi.

7. Nan ne ban san yadda za ka yi ba

Sajo mutumin kirki ne, bai ɓoye alheri ba. Leƙa taga. Tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar an koro shanu, kowa na son ganin masu ƙafa, kowa na son jan maraƙi. Ruga gidan Barau. Zai ce, "Ayya Malam, ai ranar Alhamis na kai shi Maigatari, mutanen Damagaram sun haye iyaka da shi."

A kula

Ni ban san ka ba, ban taɓa ganin tulun nan ba, kududdufin ma na gwamnati ne. Duk sandar da ta sauka a gadon bayanka, kai da masu ita. In dai sun matsa, ka rantse musu cewa uban maraƙin Sajo yana ƙasar waje. Wannan karon ba kaffara a kanka.