Ranar Da Na Wanke Shayin Di'o

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zage damtse na wanke abin alfaharin gidan surukaina da ruwan zafi da omo. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nemi rami in shige.

Wata uku da bikinmu oga ya ce mu je Kudan yawon Sallah, in ga dangi su gan ni. Ni haifaffiyar Kaduna ce, kuma tun a wajen biki na jiyo wata gwaggonsa tana cewa, "Wannan da farcen nan nata anya za ta iya riƙe tsintsiya?" Maganar ta tsaya min a rai. Tun a mota na ƙudurta sai na yi wani aiki da zai rufe bakin kowa. (Da shara kawai na yi kamar kowace amarya da yanzu ina nan da mutuncina.)

Washegarin zuwanmu aka ce in share ɗakin baƙin Baba, mahaifin oga. Wannan ce shigata ta farko, don kun san yadda ake da suruki. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa, in yi gaba. Inda yake zaune ba na zama, balle in ji hirar da ake yi a ɗakin. To a tsakar ɗakin akwai wani tsohon jan kafet mai kauri, irin wanda ba a yi yanzu. A gefe ɗaya kuma ga wani tabo, faɗinsa ya kai faifai, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa da rawaya a baki-baki. Ɗakin na ta ƙamshin turaren wuta, amma can ƙarƙashin ƙamshin hancina ya kamo wani abu.

Mamata mai son maguna ce, a cikinsu na tashi. Na durƙusa na kai hanci. Ko tantama babu, fitsarin mage ne, tsoho, wanda ya ga shekaru. Na ce a raina, Allah sarki mutanen nan, sun rasa yadda za su yi da shi ne. Ga damata ta zo.

Da hantsi mazan gidan suka tafi Makarfi gaida wani ɗan uwa, matan suka shiga maƙwabta barka. Aka bar ni da Iya, mahaifiyar Baba, wadda ta haura tamanin, tana zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na naɗe kafet na jawo shi tsakar gida ina nishi. Iya ta ɗago ta dube ni, ta dubi kafet, ta ci gaba da ɓararta. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin sa albarka.

Na ciro waya na nemo bidiyon yadda ake cire tsohon fitsarin mage. Wata mata ta fara bayani, ta ce a samo ruwan kal da hodar soda. Ana cikin haka sabis ya ɗauke, hoton ya tsaya tana ɗage da yatsa kamar za ta yi gargaɗi. (Sai da muka koma Kaduna na ga ƙarshen. Cewa take yi kada a kuskura a sa ruwan zafi.) Na ce ai na gane. Babu ruwan kal, na matse lemun tsami. Babu soda, na daka kanwa. Na ƙara omo don kada a ce na yi rowa. Na tafasa ruwa cikin babbar tukunya na kwara.

Jama'a, ashe barci fitsarin yake yi, ni na tashe shi.

Wani zarni ya turnuƙe tsakar gidan, irin wanda yake shiga ido kafin hanci. Kaji suka bar wajen. Magen gidan kuwa ta fito daga rumbu ta zo ta zauna a gefe tana kallona, kamar mai gida ta zo duba aikin leburori. Na ce ba komai, dattin ne yake fita. Na sa burushi na dinga dirza, kumfa na tashi. Da na ɗauraye sai na ga ruwan yana gangarawa ja wur. Tabon dai ya fita, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sai dai ya tafi da jan kafet ɗin. Inda yake ya koma fari-fari kamar sanƙo, zarnin kuma ko gezau.

Ina tsaye da burushi ina tunanin ko in shafa jan baki a wajen, sai na ji mota ta tsaya. Ga muryar Baba daga zaure, ya taho da baƙi, wasu dattawa biyu abokansa daga Furana, yana ta zuba.

"Kai Malam Audu ai ka sha gani, shi Liman ne bai taɓa gani ba. Shekarun da aka samu 'yancin kai, Di'o na farko ɗan ƙasa, babban jami'in gwamnati, da ya zo rangadi, a gidan nan ya sauka. A kan kafet ɗin mahaifina aka ba shi shayi, hannunsa ya goce ya zubar. Mahaifina ya ce ko bayan ransa kada wanda ya wanke wajen. Yanzu za ka ga shayin Di'o da idonka."

Na dubi sanƙon, na dubi katanga, na auna tsayinta. Ba zan iya ba.

Suka shigo, oga na biye da su riƙe da ɗaurin rake. Baba ya tsaya cak. Liman ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci. Ni kuwa na zube a wajen, cikin jan ruwa, na sunkuyar da kai.

Baba bai dube ni ba, ɗansa ya duba. "Auta, tambaye ta me ya samu kafet."

Oga ya matso ya rage murya. "Me ya samu kafet?"

"Wankewa na yi."

"Baba, wai wankewa ta yi."

"Na ji ai. Tambaye ta ina shayin Di'o."

A nan ne ya kamata in fashe da kuka kawai, a ba ni haƙuri, a wuce wajen. Amma ina. Bakin nan nawa na 'yar Kaduna ya riga hankalina, na tsallake ɗan aiken na amsa da kaina, da ƙarfi kuma.

"Wallahi Baba ba shayi ba ne, fitsarin mage ne."

Iya ta dakata da ɓarar gyaɗa. Amaryar kwana biyu ta ƙaryata surukinta, da kakan mijinta da ke kabari, a gaban baƙi. Matan gidan sun dawo sun yi cirko-cirko a bakin zaure, gwaggon nan mai maganar farce tana sahun gaba. Oga ya ƙura wa rake ido kamar yau ya fara ganin rake.

Malam Audu ne ya fara magana, a hankali. "To ni dai, Alhaji, shekara talatin ina zama kusa da wajen nan. Nakan ji wani abu, sai in ce ƙila shayin manya haka yake."

Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai Iya ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Kai, ƙyale yarinya. Gaskiyarta ce."

Kowa ya juya.

"Di'on ko shayi bai sha ba, fura ya sha, a kan kujera kuma, ubanka na can waje wajen 'yan rakiya bai gani ba. Da suka raka shi bakin hanya magena ta hau ta tsula. Lokacin watana biyar a gidan nan, ubanka kuma ya fi son kafet ɗin nan a kan dokinsa. Da ya dawo ya tambaya na ce baƙo ne ya zubar da shayi. Shi kuwa shaƙar tabar asara ta gama da hancinsa, bai ji komai ba. Kafin azahar ya gaya wa rabin gari, to ta ina zan janye?"

"Iya," in ji Baba, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro, "fiye da shekara sittin fa."

"Ni za ka gaya wa? Kuma duk magen da aka yi a gidan nan sai ta je ta ƙara nata a wajen. Kana ganin don Allah nake turara ɗakin nan duk Juma'a?"

Liman ne ya fara dariya, rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Malam Audu ya kama. Baba ya daure, ya daure, can ya zauna a kan turmi yana dariya yana share ido. Ni ban yi dariya ba. Ina durƙushe, zanina ya jiƙe ja, ina warin abin da na ce na zo kawarwa.

Da yamma na samu Iya ita kaɗai na ce, "Iya, kina kallona fa tun farko. Me ya sa ba ki hana ni ba?"

Ta miƙo min gyaɗa ta ce, "Na gaji da hura garwashi, 'yar nan. Na ce bari mai ƙarfi ta ɗauka."

Kafet ya kwana huɗu a rana kafin a iya zama kusa da shi. Na zaci za a jefar, ashe an mai da shi ɗakin baƙi, sanƙon na fuskantar ƙofa. Baba bai rasa labari ba, sabo ya samu, kuma oga ya ce ya fi na Di'o karɓuwa. Yanzu duk baƙon da ya zo sai an nuna masa wajen, a ce ga aikin matar Auta, sannan a aika a kira ni in zo in gaishe shi don ya ga fuskata.

Abin da na koya dai ɗaya ne. In na je gidan mutane na ga datti ya girme ni, gaishe shi nake yi in wuce.