Yadda Za Ka Share Gida da Maƙogwaro Kafin Ista

Kai magidanci, ajiye tsintsiyar nan ka saurare ni. In ka bi matakan da ke ƙasa, na yi maka alkawari falo zai yi ƙal a kunnen matarka, tafin hannunka kuwa zai zauna da laushinsa. Tabbas ne. An gwada dabarar a hawa na huɗu na gininmu a garin Bacău, kuma ta yi aiki har zuwa inda ta daina.

Wanda ya gwada ta maƙwabcina ne, Tiberiu. Makon babbar shara ya kama, kowane gida sai ya gama tsaf kafin Alhamis ɗin Ista, sai matarsa Otilia ta gindaya masa sharaɗi: "Tibi, in Alhamis ta zo falon nan bai yi ƙyalli ba, baranda ta zama ta Mama. Kwalaben da take jiƙa kabeji a ciki sun rasa wurin zama." Baranda kuwa ita kaɗai ce mallakarsa a duniya: kujera ɗaya, rediyo mai kawo ƙwallo, da ƙofar da ke rufuwa.

1. Zaɓi waƙa

Ɗauko ta daga tsofaffin fina-finan nan da talabijin ke maimaita mana kowane biki, waɗanda iyali ke wanke kwanuka suna rawa, ba kwanon da ya fashe, ba wanda ya ce bayansa na ciwo. Matarka da su ta girma. Tana jin waƙar, zuciyarta za ta zana mata hoton mutum da tsumma a hannu yana murmushi. Hoton ne zai yi maka aikin.

2. Rufe ƙofa

Ka ce ƙura ce ba ka so ta shiga kicin ta lalata mata burodin biki. Sannan ka miƙe a doguwar kujera, bokiti kusa da ƙafarka. Duk amshi ka shure shi sau ɗaya. Waƙa mai sanyi ta goge taga ce, mai sauri ta dirje ƙasa. Kada ka haɗa su, mata na ganewa.

Tiberiu ya ƙware har yakan sa nishi a tsakiyar baiti.

"Tibi, kada ka kashe kanka!" in ji Otilia daga kicin.

"Bar ni kawai, uwargida, dole wani ya yi ai!"

3. Yi warin aiki

Da ruwan khal da tsohuwar jarida ake goge gilashi. Yayyafa khal ɗin a hannun rigarka, ka karanta jaridar. Masana sun tabbatar cewa hanci ya fi ido saurin yarda. Ni ne masanan.

4. Kiyayi tsakar gini

Kafet dole ya sauka a rataya shi a sandar ƙarfe a buge. Nan ba ƙofar rufewa, kuma kowace taga da tsohuwa a jikinta. Buga gefe ɗaya kawai, da ƙarfi, daidai da kiɗan waƙar. Ƙurar da ta tashi ita ce shaidarka. Ka hau da shi kana haki. Hakin na gaskiya ne, don bene huɗu ba wasa ba.

5. Haddace waƙar har ƙarshe

Karanta wannan sau biyu.

Tiberiu baitin farko kaɗai ya iya. Kullum yakan juya ya sake shi, har ranar Laraba daɗi ya kwashe shi, ya zarce inda kalmomi suka ƙare masa. Sai ya cike gurbin da fito.

Fito. A cikin ɗaki. A mako mai tsarki.

Ko jaririn garin nan ya san mai fito a ɗaki arzikin gida yake kora. Surukarsa, Mama Safta, shekara da shekaru ba ta jin ƙararrawar ƙofa, ba ta jin gaisuwarsa, amma wannan ta ji shi ta bango biyu. Ta banko ƙofa tana alamar gicciye, Otilia na biye da ita, gari har gwiwar hannu.

Ga mutuminku a miƙe, ƙafa ɗaya a kan bokitin da ko ɗigon ruwa babu, jarida a buɗe a shafin wasanni.

"Wa ya yi fito?"

"Mama, bututun ruwan zafi ne. Haka yake yi in…"

"Bututu ya iya amshi? Ɗan arzikin da ya rage wa 'yata ka hure shi ta taga! Da ma da me ka zo gidan?"

6. In an kama ka, kada ka roƙi sassauci

Tiberiu ya roƙa. Mama Safta ta ce gidan da aka yi fito a cikinsa sai limamin coci ya zo ya yayyafa ruwan albarka a kowane lungu. Kowane lungu kuwa ya haɗa da bayan kabad, da ƙarƙashin gado, da saman firiji, wuraren da ko Otilia ta daɗe da yafe musu.

Ya juya ga matarsa da fuskar maraya. "Otilia, wallahi yau ne kawai."

"Yau ne kawai? Tibi, tun da aka ɗaura mana aure nake bin bayanka da tsumma in ka fita sayen burodi. Ka ɗauka gilashi da waƙa yake wankuwa?"

"To me ya sa ba ki taɓa magana ba?"

"Muryarka ba laifi. Ita kaɗai ce abin da kake kawowa ranar shara." Ta miƙa masa buroshi. "Ci gaba da waƙar. Ina so."

Ya durƙusa ya fara dirza. Ya buɗe baki, layi ɗaya ya fito, na biyu ya maƙale a ƙirji. A nan ya gano abin da fina-finan suka ɓoye mana tun muna yara: mai dirzar ƙasa da gaske ba shi da numfashin waƙa.

Falo ya yi ƙyalli ranar Juma'a. Sharaɗi kuwa Alhamis ne. Shi da kansa ya yi jigilar kwalaben, Mama Safta na zaune a kujerarsa tana nuna masa inda rana ba ta bugawa.

Sanarwa

Marubucin nan ba ruwansa da duk abin da ya same ka. Bai san ka ba, bai san matarka ba, surukarka kuwa ba ya fatan saninta. In ka rasa baranda, ko ɗaki, ko mutunci, kai ka sa kanka. Kuma don Allah kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa neman mafaka. Tiberiu ya riga ka. Kujera ɗaya gare ni a baranda, shi ke kanta yana jin ƙwallo, ni a tsaye na rubuta wannan.