Kafso a Naɗin Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hulata ta faɗi gaban surukina ba. Da ana goge rana ɗaya daga rayuwa, da ban zaɓi wannan ba, da na goge ranakun da suka jawo ta.

Lokacin ina tuƙa motar kaya tsakanin Konni da Tawa, ina ji da ƙuruciya. Mu direbobi muna da wata dabara da muke ɗauka ilimi ce. In mutum ya ratse gidan matan bariki a Badaguishiri, da ya fito sai ya haɗiye kafso biyu, ja-da-yalo ɗin nan na masu tebur, wai sun tare ciwon sanyi tun bai shiga ba. A naɗin hula muke ɓoye su, don mata na lalube aljihu in za su yi wanki. (Ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu, ni ke koya wa wasu adadin da za su sha.) Sau biyu na ji zafin fitsari, na ƙara biyu, ya lafa, na ce na warke.

Matata Rabi ta je haihuwar fari gidansu a Tajaye. Kwana huɗu da sauka aka aiko mini cewa idanun jaririyar sun kumbura, suna zubar da ruwa kamar kindirmo, ba ta iya buɗe su. Na same su a gidan likita, Rabi na rungume da ita, surukina Malam Idi na zaune a benci da carbinsa.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa zan gaishe shi. Don neman a ce ina da ladabi, na sunkuya fiye da kima. Hula ta sulluɓe. Kafso suka watse a kan siminti, suna gangarawa, ɗaya har ƙarƙashin ƙafarsa.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya fito daidai lokacin. Ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Kai ne uban ɗiyar? To, na gane inda ciwon ya hito."

Na ce, "Na ciwon ciki ne, majo."

"Ciwon ciki a hula? Direba, kai ne na nawa da na gani! Wanga biyu-biyu da kuke sha ba ya kashe sanyi, kwantar da shi yake. Ka kai ma matarka, ita ba ta sani ba, ɗiya ta kwasa a ido wajen haihuwa. Da kun ƙara kwana biyu da ta makance."

Na so siminti ya tsage in shige. Malam Idi kuwa, dattijon nan, ya duƙa, ya tsince kafson ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a hular, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Riƙe kayanka, ɗana. Shiga a yi maka allura, jikata na jira."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Aka yi mana allura ni da Rabi, aka yi wa jaririya tata, ana wanke mata ido kwana da kwanaki. Ranar suna ta buɗe na dama tas. Na hagu ya bar ɗan farin tabo, har yau da shi take gani dishi-dishi, ga ta da 'ya'ya biyar. Rabi ta yi wata uku ba ta haɗa ido da ni ba. Da ta dawo ɗakinta, abin da ta fara cewa shi ne, "Daga yau har hula nike wankewa."

Na ji yanzu likitoci kan ba wasu irin wannan magani bayan an yi kuskure, amma su ke zaɓen wanda ya dace, su auna, su ce a dawo a duba. Ni mai tebur ne likitana, hula ce kantina. Ina roƙonku, 'ya'yana, in kun san kun taka inda bai kamata ba, ku je ku faɗa wa likita da bakinku, ku tafi da iyalinku. Kunyar minti biyar ce. Tawa kunyar kuwa, duk sanda ɗiyata ta juyo da kai don ta gan ni da idon dama, sabuwa take komawa.