Rasuwar Kaset ɗin Gazali Mai Gurmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ban ga amfanin ɓoye shi ba, ni Tanko ɗan Lurwanu na Korgom nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Tasawa da Mayahi da Hawandawaki, har da waɗanda ke ci-rani, rasuwar kaset ɗina na Gazali Mai Gurmi. Ya cika ranar Laraba da hantsi, cikin rediyon da ya saba kwana, yana da shekara talatin da 'yan kai.

An haifi marigayin a dandalin Korgom, shekarar da hatsi ya yi kyau har rumbuna suka kasa. Gazali ya zo wasan kaka da gurminsa da masu kalangu da wata jita da ya samo a Maraɗi, wani direban Tasawa ya aje rediyo kusa da ƙafarsa ya ɗauka. Shi kaɗai ne, ba wa ba ƙane, don Gazali bai taɓa shiga gidan rediyo ba har Allah ya karɓi abinsa. Akuya na bayar na karɓo kaset ɗin, da na ji Mamudu mai shago yana cigiyarsa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha zafin rana cikin aljihuna, ya faɗa cikin fura, ya bushe, ya ci gaba da aiki. In aka kunna shi sai ya fara da shhhh, wani tsoho ya yi tari, sannan gurmi ya shigo, tin-tirin-tin, a hankali. Muryar Gazali tana da ɗan kaushi kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma in ya ja ta sama sai ta sirance har tsigar jikinka ta tashi. Fulanin da suka kawo shanu kasuwa sukan tsaya da sandunansu su ji. Yaran yanzu da ke yawo da salula, waƙa dubu a ciki kuma duk murya ɗaya, ba su san abin da nake faɗa ba, ba kuma zan tsaya yi musu bayani ba.

A waƙa ta biyu ya kira ni: "Tanko ɗan Lurwanu, dogo, mai damin hatsi, ya ba ni ban roƙa ba." Gaskiya ya faɗa. Dami guda na kai masa a kaina, daga gonar ubana, jama'a na kallo.

Na san ba a faɗin aibin mamaci, amma wanga zan faɗa. Daga sunana sai kalangu ya juya, Gazali ya ce: "Mamudu angon bana, na Habsatu mai wushirya." Habsatu matata ce, uwar 'ya'yana. Lokacin Mamudu ke nemanta, ya cire rigarsa ya yafa wa mawaƙi, shi ke nan. Auren bai yiwu ba, ni na aure ta, kowa ya sani, kaset ne kawai bai samu labari ba. Don haka duk tsawon rayuwarsa ban taɓa barinsa ya kai wurin ba. Da an gama sunana sai in kashe, in fiddo shi, in sa bik, biron rubutu, in mayar da zaren baya don kada pil, wato batirin rediyo, ya ƙare a banza, in sake.

Ciwon ajali ya fara masa bara. Da ya iso kaina sai murya ta yi nauyi, "Taaan-kooo", kamar bijimin sa yana kuka. Ran Larabar nan rediyo ya tauna shi daidai wurin. Na hau moto na kai shi Mayahi wajen Bashiru mai gyara. Ya yanke abin da ya lalace, ya haɗa bakin zaren da jan farce, ya kunna a rumfarsa, cikin mutane. Daga gurmi sai Mamudu. Fes, kamar jiya aka ɗauka, don wurin bai taɓa wahala ba. Ni kuma babu ni, ko rabin sunana.

Bashiru ya ce ai kaset ya warke, har ana iya zuba shi a katin salula kowa ya samu. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, Mamudu ya aiko yana min barka, wai a ara masa. To, a ji ni da kyau: kaset ya mutu. Ni ne mai shi, ni na san numfashinsa.

Ya bar rediyo ɗaya wanda ba na yi wa magana yanzu, da bik mai taunannen kai, da gidansa na roba da ya tsage, da ni. Ya kuma bar sauran waƙar a bakin Habsatu. Tana wurin wasan ranar, kuma na lura tun mutuwar nan in tana daka sai ta riƙa gunguninta ƙasa-ƙasa, ba baki, amma na san inda ta dosa.

Za a rufe shi ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin rumbuna, inda karena ke kwana. Ba salla, na tambayi liman, ya ce in tashi in ba shi wuri. Za a dafa shayi. Masu gaisuwa su zo ba da salula ba. Mamudu ya yi tasa gaisuwar daga shago, na karɓa. Duk wanda ya haddace inda Gazali ya kira ni, ya zo ya rera a bakin ramin, kofin farko nasa ne. Na bi tsofaffin dandali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna rigar, ba wanda ya tuna damin. Habsatu ta ce ita ta iya wurina sarai, har da tarin tsohon, sai dai ba ta iya tsayawa a tsakiyar waƙa, in ta fara sai ta kai ƙarshe. Na ce mata zan yi tunani kafin Juma'a.