Ranar da Tarayya Ta Zo Duba Kwarin Marke

Gari ɗaya ne tun kaka da kakanni, iyaka ta zo ta raba shi biyu. Tudun Marke ya faɗa wata ƙasa, Kwarin Marke ya faɗa wata. Tsakaninsu rafi ne da ko akuya ke tsallakewa da rani, sai igiya da ganguna da wasu masu kaki ke gadi. Ƙasar mutanen Tudu ta daɗe da shiga Tarayyar ƙasashen yankin, wadda ake cewa duk wanda ya shiga an kwance masa igiya, ya wuce da jakinsa ba mai tambayarsa. Ƙasar mutanen Kwari kuwa an ce ta dakata a zaure tukuna. An sa hannu a wata yarjejeniya wai ta share fage: su gyara asibiti, su gyara makaranta, su gyara ruwan sha, in an zo an duba an ga sun yi hankali sai a ce su shigo. Manya suka ci kaji a birni, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida ya miƙe ƙafa. Ko ƙusa ba wanda ya kafa.

Ana nan sai hakimi ya aika a kira Mai Gari Tunau na Kwarin Marke. Ya ce masa tawagar Tarayya na tafe ranar kasuwa, kuma da garinsa za a fara tunda shi ne a bakin iyaka.

"In suka tafi da yabo, ka ci gaba da zamanka," in ji hakimi. "In suka tafi suna girgiza kai, kada ka wahalar da ni. Ka naɗe rawanin nan ka aiko mini."

Tunau ya dawo ya zaga garinsa. Asibiti ɗaki ne da jemagu suka gada, akwai wata tunkiya da ta haihu a ciki. A makaranta 'yan aji kan duwatsu suke zama. Famfon tuƙa-tuƙa na nan tsaye ba hannu. Ya shafa rawaninsa, wanda ubansa ya ɗaura, kakansa ya ɗaura, ya ji kansa ya fara shan iska tun ba a cire ba.

To, a Marke akwai al'ada. In za ka yi baƙon kunya, kana shiga maƙwabta ka aro tabarma, ka aro kwanon sha, har babbar riga. Wannan zumunci ne, ba mai zargi. Amma aron tabarma daban, aron asibiti daban, kuma dattijo da furfurarsa ya kamata ya san haka. Tunau bai tsaya sani ba. Ya ɗauki sandarsa ya tsallaka rafi wurin Mai Gari Nomau na Tudu, ɗan kawunsa, taubashinsa.

"Bawana, yau kuma me aka zo roƙo?" in ji Nomau.

"Bawa ba ya tambayar ubangidansa. Gadajen asibiti nake so, da bencinan makaranta, da hannun famfo."

"Ka haɗa da matan gidan mana."

"Su ka riƙe, ba a ce za a duba su ba. Amma malamin asibitinku zan tafi da shi, da farar rigarsa."

Nomau ya yi tsaki ya ce 'yan zaure ba su da kunya, amma ya bayar, don taubashi ba ya hana taubashi. Aka yini ana jidar kaya a ka. Masu kaki da kansu suka ɗaga igiya, ɗaya ma ya kama ƙafar gado, tunda a Kwari yake neman aure. Aka kori tunkiya, aka shafa farar ƙasa. Da aka ga gado ba majinyaci bai yi kyau ba, sai aka kwantar da Sarkin Fawa, mutumin da rabonsa da ciwo tun yana goye, aka ce ya riƙa nishi.

Ranar kasuwa motoci suka iso. Shugaban tawaga wani dogo ne mai tabarau, Hausarsa irin ta rediyo. Ya tuƙa famfo, ruwa ya zubo. Ya leƙa aji, ya ga kowa a kan benci. Ya shiga asibiti, malami ya tarbe shi da farar riga, Sarkin Fawa ya saki nishin da ya kusa tsinka labule.

"Baba Mai Gari, ka burge ni," in ji shugaban. "Wannan shi ake kira cika sharuɗɗa."

"Ƙoƙarin talakawa ne, ranka ya daɗe," in ji Tunau, ko idonsa bai ƙifta ba.

Aka ci dambu, aka sha fura. Tunau ya ji rawani ya zauna daram. Har ya fara addu'ar Allah ya kai baƙi gida lafiya, sai shugaban ya goge baki ya ce tunda ga Tudun Marke nan kusa, bari ya tsallaka da Mai Gari da dattawansa, su ga yadda garin da ya riga ya shiga Tarayya yake, don su san inda za su.

"Ranka ya daɗe, rana ta yi zafi," in ji Tunau.

"Ga shi nan muna hange."

"Akwai kada a rafin."

"A busasshen rafi, Baba?"

Haka aka tafi, Tunau na jan ƙafa a baya kamar mai rakiyar gawa. Aka ɗaga igiya. Abin da suka fara tararwa mata ne jere da tuluna a gindin famfo marar hannu, suna tsine wa mutanen Kwari. A makaranta kowa na zaune a ƙasa. A asibiti majinyata na gaske suna kwance a tabarmi. Nomau ya fito da gudu yana gyara rawani, ya fara cewa ai an kai kayan wanki ne. Bai rufe baki ba sai ga malamin asibiti, wanda ya zaci baƙi sun tafi, ya hauro daga rafi da farar rigarsa, sikelin awon jarirai a kansa, Sarkin Fawa na biye da shi garau, ya saɓo gado shi kaɗai.

Shugaban ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya dubi gadon, ya dubi majinyacinsa na ɗazu, sannan ya juyo kan Tunau. A gaban dattawan gari biyu ya wanke shi tas. Ya ce Tarayya gida ce ta gaskiya da amana. Ya ce ƙasashen da ke ciki da guminsu suka shiga, kowace sai da aka tace ta aka ga ta cancanta. Ya ce zai gaya wa hakimi abin da ya gani, ba zai rage komai ba.

"Da girmanka, Baba," in ji shi, "ba ka san zanen aro ba ya rufe katara ba?"

Tunau ya kai hannu ya danne rawaninsa, ya russuna.

"Wannan zanen dai ya taɓa rufewa, ranka ya daɗe. Kayanmu ne. Shekarar da kuka zo tace mutanen Tudu muka ba su aro."