Ranar da Na Kai Surukina Gidana na Abuja

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar da na tsaya a bakin get ɗin gidana na Abuja ba, surukina a damana, buhun masara a haguna, maigadi yana tambayata wa nake nema.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin firamare ne a Ƙanƙara, kuma kun san albashinmu, ba ya son a daɗe ana kallonsa. Wata rana a ofis wani abokin aikina ya nuna min wata manhaja a waya. Wai kamfani ne yake gina bene a Abuja, sai ya yanyanka shi hannun jari ƙanana ƙanana, kowa ya sayi daidai ƙarfinsa, in 'yan haya sun biya a raba wa kowa nasa. Ba dillali, ba mai unguwa, ba shaidun da za su zaga iyaka ana nuna musu gamba. Danna nan, danna can, ka zama mai gida. Na sayar da tunkiya ɗaya na danna.

Ko minti biyar ba a yi ba saƙon taya murna ya shigo, haɗe da hoton benen: hawa huɗu, fari ƙal, gilasai sai ɗaukar ido suke. Shaiɗan ya ce min, "Ɗora shi a sitatus mana." Na ɗora. Na rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa, na ƙara ɗan hoton makulli. (Don Allah ku duba da kyau, ina ƙarya a cikin Alhamdulillah?)

Kafin magariba waya ta ɗau zafi. "Malam, ashe abin arziki ya samu?" Ni kuma sai in ce, "Wallahi dai, sai godiya." Ban ce nawa ne ba, ban ce ba nawa ba ne. Matata Saude ita kaɗai ta san gaskiya, don a gabanta aka ja tunkiyar. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, "Ikon Allah. Tunkiyar nan ta yi albarka."

Bayan mako biyu aka yi bikin ƙaninta a 'Yankara. Ina sauka daga mashin maroƙi ya ɓarke: "Ga mai bene a Abuja! Ga wanda ya ajiye alli ya ɗauki makulli!" Da ina da hankali da na toshe masa baki. Sai na ba shi dubu ɗaya, ya ƙara murya.

Surukina, Baba Alhaji (ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran kunya), manomi ne kuma mai cinikin hatsi a kasuwar 'Yankara. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, maganarmu ba ta wuce "Malam, ya yaran?" Ran nan da kansa ya miƙo hannu ya ce in taho in zauna kusa da shi kan darduma. Ya ce wa abokansa, "Wanga yaro shiru-shiru ne, amma akwai kai." Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Wa zai ji wannan ya ce a tsaya a yi gyara?

To, Baba Alhaji ya daɗe yana fama da yanar ido. Aka yi ta zirga-zirga har aka tura shi wani asibiti a Abuja, likita ya ba shi ranar aiki, aka ce in ya kuskure ta sai bayan watanni. Wani abokin cinikinsa da yake can ya ce ya sauka a wurinsa. Baba ya ce a'a. A tsakiyar kasuwa, gaban masu awo da masu ɗinkin buhu, ya ce, "Mi zai kai ni gidan wani, mijin ɗiyata na da bene?"

Saude ce ta kawo min labarin, tana tankaɗe tana murmushi. Na ce, "Ki taimaka ki gaya wa Innarku, ita ta gaya masa." Ta ce, "Kai ka ɗora, kai za ka sauke."

Saura kwana tara. Na fara da kiran kamfanin. Wata baiwar Allah mai sanyin murya ta saurare ni har na gama, sannan ta yi min bayani cikin ladabi cewa duk ɗakunan da 'yan haya a ciki, kuma mai hannun jari rabonsa kuɗin haya ne, ba kwana ba. Na ce ko sito babu? Ina jin tana danne dariya, ta ce ta gode da kiran.

Na hau mashin na tafi 'Yankara da niyyar fasa ƙwai. Na durƙusa a zaure, na gaishe shi, na sake gaishe shi, na tambayi gona, na tambayi shanu, har lafiyar jakinsa sai da na tambaya. Da ƙyar na ce, "Baba, dama gidan nan... akwai 'yan haya a ciki."

Ya ce, "To mi? Ɗan haya ya hana mai gida ɗaki guda? Ko inda suke aje tarkace ne, ai kwana biyu ne. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin. Amin fa na ce! Na tashi na karkaɗe wando na dawo gida.

Ranar tafiya aka ɗauki shatar motar Ɗan'asabe, direban da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta kai Faskari. Baba ya sa aka loda buhun masara da zabbi biyu, wai ba a zuwa sabon gida hannu rabbana. Muka fito da hantsi, don hanyarmu ba ta son sammako kuma ba ta son yamma. Daga Funtuwa na ce zan faɗa a Zariya. A Zariya na ce sai Kaduna. A Kaduna Baba yana barci, ai ba a tada dattijo. Ina ta addu'a mota ta lalace, amma motar Ɗan'asabe da kullum sai an tura ta, ran nan ko tari ba ta yi ba.

Ni ban taɓa zuwa gidan ba, taswirar waya ce ta kai mu. Ga bene kuwa, tubarkalla, ya fi hoton kyau. Kafin in buɗe baki Baba ya sauka ya dogara sandarsa ya nufi get, Ɗan'asabe ya kinkimo buhu ya dire.

Maigadi ya leƙo, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ce, "Sannunku. Wa kuke nema?"

Baba ya nuna ni da sanda. "Buɗe mana. Ga mai gidan nan."

Maigadin ya dube ni tun daga hula har silifas. Ba raini a idonsa, tausayi ne, wanda ya fi raini ciwo. Ya ce, "Na waya ne?"

Na ce, "Na'am?"

"Na ce cikin waya ka saya? Ai kai ne na huɗu a watan ga. Wancan makon ma wani ya taho da amaryarsa suka ɗau hoto a nan bakin get suka koma."

Ɗan'asabe ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya ce, "Malam, mi yake faɗi?"

Nan fa na fara bayani. Ni da nake koyar da yara kason lissafi, harshena ya naɗe. Na ce hannun jari, na ce zamani, na ce manhaja, na ce har Turawa haka suke yi. Baba ya saurara tsaf, kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, "Watanda ke nan. An haɗa kuɗi an sayi sa."

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

"To a watanda kowa na ɗaukar kashinsa ya kai gida. Ina naka kashin? Ƙofa ce ko taga?"

Maigadi, Allah ya saka masa, ya so ya taimake ni. Ya ce, "Alhaji, wani da ya zo ya buga lissafin nasa, ya ce ya kai tayil biyu."

Baba ya ɗago. "Sallaya za ta shimfiɗu?"

Na ce, "Sai dai a naɗe, Baba."

Ɗan'asabe ya kasa, ya zauna kan buhun masara yana dariya har da hawaye, zabbi suka taya shi daga cikin but ɗin mota. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ga rana tana sunkuyawa, ga tsoho mai ciwon ido a tsaye a titi, gobe da sassafe za a yi masa aiki, abokin cinikin nan an riga an ce masa a'a, abin da ke aljihuna kuma a Abuja ko tabarma ba zai kama ba.

Maigadin ne ya cece ni. Ya ce, "Alhaji, wannan harshe naka na gida ne. Daga ina?" Baba ya ce 'Yankara. Ya ce, "Allahu akbar! Ni mutumin Sabuwa ne, Haruna sunana." Kafin ka ce me, ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya share ɗan ɗakinsa na gadi, ya sauya zanen katifa, ya ɗora ruwan shayi. Kwana uku Baba ya yi a ɗakin nan. Ni mai gida benci aka ba ni a waje, sauro suka yi min barka da zuwa.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillah. Ranar da aka cire masa bandeji, muna zaune mu biyu muna jiran mota, ya daɗe yana kallona da sabon idon. Na ɗauka faɗa zai yi, har na gyara zama. Sai ya ce a hankali, "Malam, ranar da na ba ka Saude, ko keke ba ka da shi. Na tambaye ka gida?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Rashin benen bai dame ni ba. Amma kwana tara ka bar ni ina faɗa wa mutane."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Tun daga Abuja har gida ban iya haɗa ido da shi ba. Ɗan'asabe kuwa bai jira mun iso ba, ta waya ya aika labarin ya riga mu.

Har yau hannun jarina yana nan, kuma kamfanin bai cuce ni ba, duk bayan wata uku 'yan kuɗin hayata suna shigowa, suna isata man mashin na kwana biyu. Abin da na koya shi ne, maganar da za ta fito a zauren suruki cikin minti ɗaya, in ka riƙe ta, sai ta bari an yi shatar mota an tara 'yan kallo sannan ta fito da kanta.

Duk kaka Baba Alhaji yakan ware buhun masara guda ya ce a kai wa mai masaukinsa na Abuja. Ni nake ɗaurawa a mashin in kai tasha, kuma ni nake biyan kuɗin mota.