Ranar da Muryata Ta Fita Ita Kaɗai

Wata biyu da sayen kwamfuta na soma kiran ɗakina na unguwar Gawon Nama situdiyo. Da bikin ƙanwata Hadiza ya matso, na ce kada a nemo kowa, ni zan haɗa waƙar amarya.

Na fara rera ta da muryata, na naɗa a layin sauti guda cikin kwamfutar, don abokina Bello mai zaƙin murya ya ji yadda zai bi. Ya rera tasa a wani layin, na zuba kiɗa. Sannan na danna ɗan maɓallin da ke rufe komai ya bar layi ɗaya, don in sake jin kaina. Ban kashe shi ba na fitar da waƙar, na tura wa mai kiɗan biki. Ban ko saurara ba, ai na san aikina.

Ranar wuni mata suka cika gida, ina bakin zaure ina jiran yabo. Aka kunna. Ba ganga, ba Bello. Ni kaɗai ne, murya na rawa, har da tari da "kai, bari in sake."

Sai Gwaggo Asabe ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ɗan'uwanta ne da bakinai! Ku tafa mai!" Mata suka ɗauka da tafi, Hadiza na dariya har da hawaye. Allah Ya saka wa Gwaggo da Aljanna.

Amma har yau, in na yi tari a gidanmu, sai wani ya ce, "Sake, muna saurare."